Wa Ya Karɓi Sammacin Baba?

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma aikin asibiti. Mu ma nan lafiya, sai dai abin da ba a rasa ba.

Na rubuto ne maimakon in kira ki, don kin san kunnen Baba, ko a bayan gida na tsaya ina raɗa sai ya ji. Kuma ni da ke ba mu taɓa yin minti biyar a waya ba tare da wani ya kashe wa wani ba. Takarda kuwa dole ki karanta ta har ƙarshe.

Shekaranjiya da hantsi, ina aji ina koyarwa, aka kira ni wai mutum biyu daga kotu sun manna takarda a ƙofar shagon Baba. Abin da ke ciki shi ne an yanke hukunci, ya kwashe katakansa da gilasansa ya bar shagon cikin kwana talatin. Mai ƙarar ba baƙo ba ne, Mai Tayil ne, wanda bara ya sayi babban ginin da ke jikin shagon. Wai taswirar filinsa ta nuna shagon a cikin nasa yake. Shagon da Baba ya yi shekara arba'in da ɗaya yana sa wa mutane hotuna da takardun shaida a firam, kuma takardunsa na mallaka suna nan a akwatin ƙarfe, na gan su da idona.

Za ki ce yaushe aka yi shari'ar? Ni ma abin da na tambayi rajistaran kotu ke nan. Ya buɗe fayil. An zauna sau uku, sau uku ana kiran sunan Baba a bakin ƙofa babu amsa, sai alƙali ya saurari mai ƙara shi kaɗai ya yi hukunci a bayan idonmu. Na ce ai ba a kawo mana sammaci ba. Sai ya juyo mini da wata takarda, shaidar masinjan kotu cewa ya miƙa sammacin hannu da hannu a shago ranar tara ga watan uku, an sa hannu an karɓa.

Baba ya ce shi bai ga sammaci ba, ko launinsa bai sani ba. Ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba.

Na ɗauki lauya. Ya ce za mu roƙi kotu ta jingine hukuncin a sake shari'a daga farko, amma sai mun kawo ƙwaƙƙwaran dalili a takardar rantsuwa, kuma kwana goma sha huɗu kacal muke da su.

Tambaya ɗaya nake da ita. Na duba kalanda, tara ga watan uku tana cikin makon da kika zo hutu, kuma ke ce kike wuni da shi a shagon. Ba zarginki nake yi ba. Ki dai tuna ko wani ya ba ki takarda kin jefa a jaka, kin san halinki da takardu.

Ki gaida maigidan da yara. Allah ya bar zumunci.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonka, na gode. Ka gaida Baba da matarka, in dai za ka iya isar da gaisuwa ba ta ɓace a hanya kamar sammaci ba.

"Ba zarginki nake yi ba." Yaya, duk wanda ya fara magana da haka ya gama zargin tun a zuci. Na zazzage jakata a kan gado saboda kai. Na samu biro uku, da safar hannu, da takardar gwajin jinin wata mara lafiya da aka nema wata biyu ba a gani ba. Sammaci dai babu. Kuma ranar da kake faɗa ba ma na shagon da safe, na kai ƙaramar yarinyata a cire mata haƙori, sai bayan azahar na dawo.

Tunda ka buɗe ƙofar tambaya, bari ni ma in shigo da nawa.

Wane ne ya ce wa Baba ya sayar da shagon nan ya huta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har a gabana? Wa na gani da idona yana fitowa daga motar Mai Tayil a bakin layi, suna dariya har da tafawa? Banɗakin da ka gyara, wannan tayil mai ruwan toka da matarka ta ja ni har ciki ta nuna mini, daga wane shago ya fito? Ruwa ba ya tsami banza.

Ga wadda ta fi ci mini rai. A duk duniyar nan mutum ɗaya na sani wanda ya iya sa hannun Baba har Baban kansa ya kasa ganewa. Ka manta shekarar da ka faɗi lissafi, ka sa wa sakamakonka hannu ka mayar makaranta? Ni ce na tsaya maka gadi a bakin ƙofa. Yau kai ne malamin lissafi, abin dariya ba ya ƙarewa, amma hannu ba ya manta abin da ya iya.

In an kori Baba, shagon ya tafi ba tare da ka yi jayayya da tsoho ba, kai kuma ka fito fes kana cewa kotu ce. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Wallahi ba na son wannan tunanin, yana sa ni ciwon kai, amma biri ya yi kama da mutum.

Shagon nan ba bango huɗu ba ne a wurin Baba. Tun da Mama ta rasu, can yake numfashi. Ranar da aka fitar da shi, ka fara ƙirga masa kwanaki.

Shi wannan lauyan, wa ya haɗa ka da shi? Ka tabbata ba ofishinsu ɗaya da lauyan Mai Tayil ba? Ka aiko mini da kwafin takardar da aka sa wa hannun. Kada ka kwatanta mini ita, ina so in gani da idona.

Ka duba mini Baba, ka tabbata yana cin abinci. Na bar ka lafiya.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Ta yi mini ciwo, gara in faɗa miki.

Zan amsa miki bi da bi. Motar Mai Tayil, ruwan sama ne ya tsare ni a tasha ya rage mini hanya, kuma a lokacin ban san ya riga ya kai ƙara ba. Yanzu in na tuna dariyar da yake yi ranar, sai in ji kamar in shaƙe kaina. Tayil a wurinsa na saya kamar kowa a unguwar nan. Lauya kuwa ƙanin shugaban makarantarmu ne. Na je har ofishinsa ba tare da na sanar ba, don in ga wa ke shiga wa ke fita, ban ga abin tuhuma ba, sai dai yawan cewa "kada ka damu".

Maganar sayar da shago, na faɗa, kuma ban janye ba. Ke sau ɗaya kike zuwa a shekara. Ni nake ɗaure masa yatsa in gilashi ya yanke shi, kuma bana sau huɗu ke nan. Ni mutane ke tarewa a hanya suna cewa aikin Baba ba kamar da ba. Na so ya huta da mutuncinsa. Ban so a watso masa kaya a titi ba.

Yanzu ga inda nake zargi. Masinjan kotun nan na bi sawunsa kwana biyu. Wani siriri ne mai babur, jakarsa ɗaure da roba. Na gan shi a rumfar da ke bayan kotu yana cin abinci a benci ɗaya da akawun lauyan Mai Tayil. Na tare shi na ce, "Malam, nawa aka ba ka?" Ya ajiye cokali, ya ce shekararsa goma sha tara yana raba sammaci ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ya rantse tsohon da kansa ya karɓa, har ya shafa takardar ya ce mai kyau ce, ya ce masa ya dawo ran Laraba, shi kuwa ya ɗauka barkwanci ne ya yi dariya ya tafi. Kin ji ƙarya mara kai. Wa ke karɓar sammaci ya yaba takarda? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Lauya ya gama tsara takardar rantsuwa, cewa ba a kai wa Baba komai ba, sa hannun na jabu ne. Litinin Baba zai rantse a gaban jami'in rantsarwa. Lauyan zai kuma rubuta koke a kan masinjan. Ya ce in ta tabbata, korar aiki ce mafi sauƙin abin da zai same shi.

Ga kwafin da kika nema. Ki duba da kyau. Hannun ya yi kama da na Baba, amma ya sauka daga kan layi ya gangara ƙasa, Baba kuwa ko da ruwan sama ake ba ya kauce wa layi. Lambobin da ke gefe, 12 x 16 da wasu haruffa uku, ina jin na ofishinsu ne. Da ni na yi, da na fi haka iyawa, ke shaida ce.

Wassalam.

Yayanki.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan, direban motar safe yana jirana, ka yi haƙuri da rubutun.

Kada ka bar Baba ya rantse ran Litinin. Ko lauya zai yi kuka, kada ka bar shi.

Waɗannan lambobin ba na kotu ba ne. Kai ba ka taɓa zaman shago ba, kullum kana filin ƙwallo, ni ce na yi shekara shida ina riƙe masa gefen gilashi yana yanka. Duk wanda ya kawo aiki, Baba yakan auna takardar da tafin hannunsa, ya sa hannu a 'yar takardar da mutum zai tafi da ita, ya rubuta girman firam a gefe, sannan ranar karɓa. Sha biyu da sha shida shi ne firam ɗin da yake yi wa doguwar takarda mai hatimi. Haruffan nan uku, Lrb, Laraba ce. Aikin da aka kawo farkon mako, Laraba yake cewa a dawo, tun kafin a haife ni.

Ka tuna ma'aikatan kotun nan da yawa a wurinsa suke sa takardun ƙarin girma a firam. In mutum ya shigo ya ce "takarda daga kotu", ya miƙa masa abu mai jan hatimi, me kake tsammani Baba zai ɗauka?

Masinjan nan bai yi ƙarya ba, Yaya.

Ka je shago lokacin da Baba ya fita salla. Ka duba bangon hagu, bayan teburin yanka, inda yake rataye aikin da masu shi ba su zo karɓa ba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya ne na kasa ganewa. Baba yana karanta duk takardar da aka kawo masa, har yakan gyara wa mutane kuskuren rubutun sunansu. Ta yaya zai sa sammaci a firam bai karanta ba?

Ka rubuto mini yau ɗin nan.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki.

Yana nan. Layi na uku, tsakanin hoton wasu ango da amarya da takardar wani da ya gama koyon tuƙi. Baƙin firam mai siririn zare ruwan zinariya, kusurwa huɗu sun haɗu ko allura ba za ta shiga ba. Sunan Baba a jiki da manyan baƙaƙe, da ranar da ake nemansa a kotu. Wata biyu yana rataye a saman kansa.

A kife yake, Auta. Kan takardar yana ƙasa.

Na tsaya na bi bangon kamar yadda kika ce. Guda biyar ne a kife. Duk takardu ne, hotuna kam daidai suke, ina jin yana iya gane duhun gashi da hasken riga. Da ya dawo, na zauna a benci ina kallonsa yana aiki, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ba ya duba tef ɗin awo, ya yi wa gefen teburin tsaga-tsaga da wuƙa, da yatsa yake ƙirgawa. Ƙusoshi a baki yake riƙe su. Wata mata ta shigo, sai da ta yi magana sannan ya kira sunanta. Jaridar da yake buɗewa kullum da safe ta watan jiya ce.

Baba ba ya gani. Ban san tun yaushe ba. Gida ɗaya muke kwana, ni nake ɗaure masa yatsu, ina yi masa faɗan rashin kula. Na fita bayan shago na yi kuka kamar yaro.

Na sauke firam ɗin a hankali na sa a jakata, na kai wa lauya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce shi yanzu ya sani, don haka ba zai iya shigar da waccan rantsuwar ba. Amma ya ce da ban kawo masa ba, da ita ce hanya mafi sauri, don hukuncin da aka yi ba tare da an kai sammaci ba rushewa yake nan take. Ita kuwa gaskiyar, roƙo ce kawai: an kai, an karɓa, amma wanda ake ƙara bai san me ya karɓa ba. Sai an kawo takardar likita, sai Baba ya tsaya ya faɗa da bakinsa, kuma alƙali yana iya karɓa, yana iya ƙi.

Zan faɗa miki abin da ke raina, ki zage ni in kin ga dama. Lauyoyi ba su ƙare ba a garin nan. Baba bai san komai ba, in ya rantse bai ga sammaci ba, a wurinsa gaskiya ya faɗa. Ni da ke kaɗai ne za mu ɗauki nauyin. In kuwa ya tsaya a bainar jama'a ya ce ba ya gani, ko an bar masa shagon wa zai sake kawo masa aiki? Abin da ya ɓoye da jininsa, mu ne za mu tona?

Firam ɗin yana ƙarƙashin gadona. Saura kwana huɗu.

Yayanki.

*

Yayana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, gaisuwar da ban yi maka ba a wasiƙun baya.

Ka yafe mini. Na kira ka ɓarawon uba a fakaice, na haɗa da tayil ɗin matarka. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya tashi a tutar babu.

Kai ka yi kuka sau ɗaya, ni tun jiya nake yi. Ni ce ma'aikaciyar jinya. Mako guda na yi a gabansa ina danna waya. Ya ce in karanta masa saƙo wai tabarau ya manta a gida, na karanta. Ya zuba shayi a gefen kofi, na yi masa dariya. Da baƙo ne a gadon asibiti, da cikin minti biyu na gane.

Amma maganar sabon lauya, a'a. Ka ce masinjan ya ajiye cokali da ka tambaye shi nawa aka ba shi. Wannan mutumin da jakarsa mai roba yana da masu jiransa a gida. Mun riga mun ɗora masa sharri a baki, kada mu ɗora a takarda. Kuma ka yi tunani, ranar da Baba ya gane mun sa shi ya rantse a kan mutumin da bai yi komai ba, shagon ma ba zai sake shiga ba.

Mun yi kwana goma muna yanke hukunci a bayan idonsa, kamar yadda kotu ta yi masa. Ka ɗauko firam ɗin ka sa masa a hannu, ka karanta masa abin da ke ciki. Shari'arsa ce, shi zai zaɓa. Ka kai shi a duba idon gobe, ina kyautata zaton yanar ido ce, ita kuwa ana cire ta.

Ina tsoro, Yaya. Ka rubuto ko me ya ce.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ubanki ne. Ina gaishe ki, da mijinki, da jikokina. Yayanki ke rubutawa, na ce kada ya gyara mini magana.

Ranar da ya sauke firam daga bango na ji ƙarar ƙusa, na lalubi gurbin bayan ya tafi. Na yi shiru ina jira in ga ko ɓarawo na haifa. Ashe ku ma abin da kuke yi wa juna ke nan.

Da ya sa mini firam ɗin a hannu ya karanta mini abin da ke ciki, na ce a kai ni gaban alƙali. Jiya mun je kotu, na riƙe abina a hammata. Lauyan Mai Tayil ya ce dabara ce. Alƙali ya ce a miƙo mini wata takarda in karanta. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara uku ke nan ban karanta ko sunana ba." Ban taɓa faɗar magana mai nauyinta ba.

Alƙali ya jingine hukuncin. Za a fara shari'a daga farko wata mai zuwa, in kawo takarduna. Ban ce mun ci ba, amma za a ji bakina. Firam ɗin sun riƙe a matsayin shaida, sun manna masa lamba a kan gilashi, abin da ya ɓata mini rai.

Na sa an kira mini masinjan a waje. Yayanki ya ba shi haƙuri a gaban mutane. Ni kuma na ce laifinsa ɗaya, na ce ya dawo Laraba bai dawo ba.

Da kika zo hutu, da takunki na gane ki. Na ce kin yi kyau, ban gani ba. Likita ya ce yanar ido ce, za a yi aikin idon dama mako mai zuwa, bai yi mini alkawarin komai ba. In an buɗe bandejin, ke nake so ki tsaya a gabana.

Sa hannun da ke ƙasa nawa ne. In ya sauka daga layi, ki yi haƙuri.

Ki zo Laraba.

Baba.